Masu Sayar da Kayan Kwamfutar Hannu: Sana'ar da Jarinta Sani ne da Amana

A duk kasuwar waya da mutum ya shiga a ƙasar nan, kafin ya isa ga manyan shaguna masu sayar da na'urori sai ya fara ratsa layin masu ƙananan kaya. Su ne masu rataye igiyoyin caji jere-jere a bango, da kwalayen gilas da aka tsara bisa girma, da riguna kala-kala, da fawa banki a cikin akwatin gilashi. Haka abin yake a Farm Centre da ke Tarauni da kuma titin Beirut a Kano, haka yake a Banex da ke Wuse 2 a Abuja, haka kuma a Computer Village ta Ikeja a Legas. Mutane da yawa suna kallon wannan layi a matsayin wurin da ake tsayawa a ƙarshe, bayan an gama babban ciniki, a kashe ɗan canjin da ya rage. Amma wanda ya san harkar ya san cewa a nan ne ake yanke wa sabuwar na'ura tsawon kwananta, musamman idan kwamfutar hannu ce, wadda 'yan kasuwa ke kira tab.

Sana'ar ta taso ne tare da wayar salula. Da aka fara amfani da layukan GSM a Najeriya a shekarar 2001, sai aka samu masu sayar da caja da batir da murfin waya a gefen masu sayar da katin kira. Kwamfutar hannu ta zo daga baya: kamfanin Apple ya fito da iPad a 2010, Samsung ya biyo da Galaxy Tab a cikin shekarar, daga nan sauran kamfanoni suka shigo da masu sauƙin kuɗi. Yau za ka ga tab a hannun ɗalibi mai shirin jarabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Za ka gan ta a hannun tela yana nuna wa mata samfurin ɗinki, da malamin da ya loda littattafan fiƙihu da tafsiri, da ma'aikacin lafiya mai tattara bayanai a ƙauye, da yaron da iyayensa suka saya masa don koyon karatu. Kowannensu da irin kayan da yake bukata, kuma mai shagon da ya iya sana'arsa shi ne wanda ya san bambancin.

Galibin kayan daga ƙasar Sin suke fitowa, musamman biranen Shenzhen da Guangzhou, inda manyan 'yan kasuwarmu ke zuwa sari ko su yi oda. Wasu kuma ta Dubai suke biyowa. Daga hannun manyan diloli na Legas da Kano kaya ke sauka zuwa masu shaguna, daga su zuwa masu tebur da masu yawo da kaya a tasha. Akwai sunayen da kasuwa ta saba da su, irin su Oraimo, na kamfanin Transsion mai Tecno da itel da Infinix, da kuma Anker, wanda aka kafa a 2011. Sai dai duk sunan da ya karɓu, jabunsa na biye da shi a baya, a kwali mai kama da na ainihi har da tambari.

Tambayoyi biyu kafin ciniki

Alamar farko ta ƙwararren mai shago ita ce ba ya miƙa hannu kan kanta sai ya yi tambaya biyu. Ta farko: "Alhaji, wace iri ce, mu ga bayanta?" Ta biyu: "Me za a riƙa yi da ita?"

Ta farkon tana da dalili mai ƙarfi. Faɗin allo kaɗai ba ya isa a gane rigar da za ta shiga. A ɗauki iPad ta tara, wadda ta fito a 2021 da allo mai inci 10.2, da ta goma wadda ta fito a 2022 da inci 10.9. A ido kusan ɗaya suke, amma rigar wannan ba ta shiga waccan, bakin cajinsu daban, kuma ta taran tana da ramin abin sauraro na kunne, ta goman ba ta da shi. Shi ya sa mai shago yake juya na'urar ya nemi lambar samfurinta, ko ya shiga saitinta ya duba. Ta Apple tana farawa da harafin A da lambobi huɗu, ta Samsung tana farawa da SM. Wanda ya aiko yaro da saƙon "a ba ni rigar tab mai inci goma" ya sayi dawowa kasuwa.

Tambaya ta biyu ita ke tsara abin da za a saya. Ga mai shago mai tsoron Allah, jerin a bayyane yake: kariya tukuna, sai wuta, sannan sauran su biyo baya gwargwadon aiki da aljihu.

Riga da gilas

Allo shi ne mafi tsada kuma mafi rauni a jikin tab. Faɗinsa ya sa yana saurin tsagewa fiye da na waya, kuma canza shi kan ci wani babban kaso na kuɗin na'urar, wani lokacin ma a nemi irinsa a rasa. Don haka gilas da riga su ne farkon saye, tun kafin a fita daga kasuwa.

Liƙa gilas a kan allo mai faɗi shi ne gwajin da ake gane hannun yaron shago da shi. Zai fara kashe fanka, domin ƙura ɗaya tak ta isa ta ɓata aikin. Ya goge allon da ƙyallen da ke da ɗan jiƙon sinadari, ya bi da busasshe, sannan ya karkata na'urar wajen haske yana neman ɗigon ƙurar da ya rage, yana ɗauke shi da 'yar takarda mai danƙo. Sai ya ɓare ledar bayan gilas ɗin, ya riƙe shi ta gefe da yatsu ba tare da ya taɓa cikinsa ba, ya daidaita shi da idon kyamara da kusurwoyi huɗu, ya sake shi a hankali. Da ya danna tsakiya da yatsa, za ka ga danƙon yana bazuwa da kansa zuwa gefe. Idan kumfar iska ta maƙale, ya tura ta waje da kati a naɗe cikin ƙyalle. Idan ƙura ce ta shiga, sai ya ɗaga kusurwa da farce, ya zaro ta, ya mayar. Aikin na 'yan mintoci ne, amma wanda bai ƙware ba sai ya fasa gilas biyu kafin na uku ya zauna, kuma asarar a kan shago take.

A kan kwalin gilas ana yawan rubuta 9H, masu saye su ɗauka ko dutse ba zai karce shi ba. Wannan ma'aunin taurin bakin fensir ne kawai. Rairayi ya fi gilas tauri, saboda haka ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan allo za ta iya karce shi idan aka goge da ƙarfi da gefen riga. Amfanin gilas ɗin shi ne ya karɓi karcewar da bugun a madadin allon ainihi, idan ya lalace a ɓare a saka wani da kuɗi kaɗan.

Riga kuwa iri-iri ce. Akwai mai murfi kamar littafi, wadda ake naɗewa ta zama majingina, wasu da maganaɗisu a ciki mai kashe allo idan an rufe. Ita ta dace da ma'aikaci da ɗalibi. Akwai ta roba mai kauri da mariƙi, wadda aka yi don yara. Abin da ƙwararre ke dubawa shi ne kusurwoyi, domin ta nan na'ura ke fara bugun ƙasa, da kuma ko bakin rigar ya ɗan ɗara allo tsayi yadda idan ta faɗi ta fuska gilas ba zai taɓa ƙasa ba. Akwai kuma batun zafi. Apple da kansa ya ce an yi iPad ne don a yi aiki da ita a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri suna kaiwa 40 har su wuce. Baƙar riga mai kauri a lokacin bazara tana riƙe zafi, zafi kuma shi ne babban abokin gabar batir. Mai shago nagari zai gaya maka ka riƙa cire rigar yayin caji idan ka ji na'urar ta ɗau zafi, kuma kada ka bar ta a cikin mota a rana.

Caja da fawa banki

A nan ne sanin mai sana'a ya fi fitowa, a nan ne kuma aka fi cutar mutane. Batirin tab ya fi na waya girma sosai. Da yawa suna tsakanin 7,000 zuwa 10,000 na ma'aunin mAh. Tsohon kan caja na waya mai ƙarfin wat 5 zai kwana yana fama bai cika ta ba, kuma a garin da wuta ke zuwa na 'yan sa'o'i wannan babbar matsala ce. Ita tab tana son wat 15 zuwa 20, manyan Samsung ma suna karɓar har 45. Ga shi kuma wasu kamfanoni sun daina saka kan caja a kwali, kamar yadda Samsung ya yi tun daga Galaxy Tab S8 a 2022, don haka dole a saya daban.

Masu saye kan ji tsoron caja mai ƙarfi, su ce za ta ƙona na'ura. Idan cajar ta ainihi ce, ita da na'urar suna daidaitawa a tsakaninsu, na'urar ta ja iya abin da take bukata. Haɗarin yana ga ta jabu, wadda aka rage wa kayan kariya a ciki don a rage kuɗi. Alamunta sanannu ne: kanta ya yi zafin da ba a iya riƙewa, ko allo ya riƙa rawa yana danna kansa yayin caji. Igiya ma tana da nata hukuncin. Yawancin sababbin tab sun koma bakin USB-C, wanda Tarayyar Turai ta wajabta wa wayoyi da kwamfutocin hannu da ake sayarwa a ƙasashenta daga ƙarshen 2024, amma tsofaffin iPad suna nan da bakin Lightning, tsofaffin Android kuma da ƙaramin baki na da. Igiyar banza mai siririyar waya a ciki tana iya mayar da caja mai kyau ta zama mara amfani. Sai kuma ƙafafun cajar. Soket ɗinmu a Najeriya irin na Ingila ne mai ƙafa uku, a Nijar kuma an fi amfani da mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa. Na'urorin hannu da ake kawowa daga Amurka kan zo da caja mai ƙafa biyu masu faɗi, wadda ke lilo a soket tana tartsatsi idan ba a sa mata mahaɗi mai kyau ba.

Fawa banki kuwa a wurinmu ya zama dole. Sai dai lambar da aka rubuta a jikinsa ba ita ce ke isa cikin na'urarka ba, domin wani kaso na wutar yana salwanta wajen juya ta. Mai 10,000 zai cika matsakaiciyar tab kamar sau ɗaya, mai 20,000 kuma wajen sau biyu. Duk wanda ya ce maka ɗan ƙaramin abu mara nauyi yana ɗauke da 50,000, to ka kama gabanka. Batir yana da nauyi, kuma ba a iya ɓoye wannan. Masu haɗa jabu sun san haka, shi ya sa wani lokaci idan masu gyara suka buɗe sai su tarar batir ɗaya ne ko biyu na gaske, sauran an cika su da yashi. Shagon da ya san darajar kansa yana ajiye 'yar na'urar gwaji da ake soka wa tsakanin igiya da caja, ta nuna ƙarfin wutar da ke wucewa a gaban idon mai saye. Matafiya kuma su sani, dokar jiragen sama ta hana saka fawa banki a jakar da ake aunawa. A hannu ake riƙe shi, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba tana wajen 27,000.

Sauran kaya, gwargwadon aiki

Bayan kariya da wuta, sauran duk ya danganta da amsar tambaya ta biyu. Memori yana da amfani ga mai tara karatun malamai da bidiyo da littattafai, amma fa iPad ba ta da ramin memori ko kaɗan, yawancin na Android ne ke da shi. Jabun memori yana daga cikin mafi munin cuta a kasuwar nan. Za a rubuta 128GB a jikinsa, na'ura ma ta nuna haka, alhali abin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Mutum zai yi ta zuba hotunan biki da takardun aiki, sai ranar da ya nema ya tarar sun lalace. Maganinsa a saya a wurin da aka sani, a cika shi da kaya tun a makon farko, a buɗe a tabbatar komai yana nan.

Alƙalami shi ne inda aka fi yin kuskuren saye. Akwai mai bakin roba, wanda aikin yatsa kawai yake yi, yana kuma aiki a kowane allo. Akwai kuma na gaske mai gane nauyin hannu, wanda masu zane da masu rubutu ke bukata. Apple Pencil na farko ya fito a 2015, na biyu a 2018, wasu biyu kuma suka biyo baya a 2023 da 2024, kuma kowanne da jerin iPad ɗin da yake aiki da su. Na biyun, alal misali, ba ya aiki da iPad ta goma. S Pen na Samsung yana zuwa a cikin kwalin yawancin Galaxy Tab S, amma yawancin Tab A masu sauƙin kuɗi ba sa karɓarsa. Mai shagon da ya sayar wa mutum alƙalami mai tsada ba tare da ya duba wannan ba, ko dai jahilci ne ko son zuciya.

Kibod yana mayar da tab kusan kwamfutar cinya ga mai yawan rubutu. Wanda zai saya ya haɗa shi da na'urarsa a shago, ya buga layi biyu ya ji yadda maɓallan suke. Mai rubutun Hausa ya gwada yadda zai samu ɓ da ɗ da ƙ, domin ba a zana su a jikin maɓallan ba, ko da yake manhajar Gboard ta kan allo tana da su. Malamai kuma su nemi mai haruffan Larabci, ana samu. Wanda tab ɗinsa ba ta da ramin layi zai bukaci 'yar na'urar intanet ta aljihu, irin wadda MTN da Airtel da Glo ke sayarwa. Mai son haɗa ta da talabijin ko majigi ya sani cewa ba kowace tab ce ke fitar da hoto ta bakin cajinta ba, ko da mahaɗin ya shiga daram. A gwada kafin a biya.

Yadda ake shiga da abin da ake fuskanta

Yawancin masu wannan sana'a da yaron shago suka fara. Yaro zai yi shekaru a ƙarƙashin ubangida yana share shago, yana zuwa sito ɗauko kaya, yana liƙa gilas, har ya haddace wace riga ce ta wace na'ura. Idan ya nuna hankali da riƙon amana, ubangida ya sallame shi da ɗan jari ko ya riƙa ba shi kaya bashi yana sayarwa yana biya. Tebur ɗaya da akwatin gilashi sun isa farawa, kuma wannan sauƙin shiga ne ya sa sana'ar ta rufa wa dubban matasa asiri.

Amma tana da nata ƙalubalen. Na farko kwantai: kamfanoni suna sauya samfuri kusan kowace shekara, rigar da aka saro da yawa bana tana iya zama kayan da ba mai tambaya baɗi. Na biyu canjin kuɗi, domin komai da dala ake sarowa. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, mai shago kan sayar da kaya yau ya koma sari gobe ya tarar kuɗin ba su isa su mayar da abin da ya fita ba. Na uku gobara, wadda ta sha cinye kasuwanninmu, ga shi kuma kayan batir ba sa wasa da wuta. Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne jarabawar jabu. Ribar kaya mai kyau ƙanƙanuwa ce, ta jabu kuwa tana ninkawa, kuma mai saye da kansa ne yake matsawa a ba shi mai araha. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana kame lokaci zuwa lokaci, sai dai ba za ta iya tsayawa a kan kowane tebur ba. Abin da ya rage shi ne imanin mai shago.

Akwai masu sana'ar da suka samo wa kansu hanya mai kyau. Sukan ajiye kaya aji biyu ko uku, su faɗa wa mai saye gaskiya: "Hajiya, wannan orijina ce, ina ba da garanti, wannan kuma mai sauƙi ce, ba zan ce miki za ta daɗe ba." Mai saye ya zaɓa da saninsa. Irin waɗannan ne za ka ga mutum ya ratsa layi guda ya wuce shaguna ashirin don ya isa gare su, ya kuma turo ƙaninsa da abokin aikinsa. Wanda ya sayar da jabu da sunan na ainihi ya ci riba sau ɗaya, amma ya rasa mai saye da duk wanda zai ba wa labari, ga kuma haƙƙi a wuyansa.

Ga mai saye, shawarar a taƙaice take. Ka ware kuɗin riga da gilas da caja tun kana lissafin kuɗin tab ɗin, kada ka bar su ga canji. Ka je da na'urar a hannunka, a gwada komai a gabanka, ka karɓi rasit, ka tambayi kwana nawa garantin yake. Abin da aikinka bai bukata ba ka bar shi sai bukatar ta zo. Ga 'yan'uwa masu sana'a kuma, ku koyi kayanku sosai, ku koya wa yaranku, ku kira jabu da sunansa. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma nagarin ba ya isa hannun mai saye sai ta hannun mai shago na gari.